Turancin da ke jikin jarka: magana daga bakin ruwan Tireshbil

Makiyayan da ke ruga da waɗanda ke kan hanya da dabbobi, fatake da direbobin da ke zaune a kan iyaka suna jiran a buga musu takarda, iyayenmu mata da ke gida, barkanmu da war haka. Yau maganar makaranta za mu yi. Amma wanda bai taɓa zama a aji ba kada ya murɗa rediyonsa, don shi maganar ta fi shafa. Yaran da muka sa boko ana koya musu Turanci. Idan na ce Turanci a wannan fili, na Ingilishi nake nufi, don na san a wajenmu Nijar har Faransanci wasu Turanci suke ce masa. To wane Turanci ya kamata yaron nan ya fara kawo mana gida? Kuma me ya haɗa shi da ruwan da shanunmu ke sha da ƙasar da suke kiwo a kanta?

Zan kai ku Abijan, ta ƙasar Kwaddibuwa, don a can abin ya fi fitowa fili, kuma da yawa daga cikinku kun san garin, ko kuna da ɗan'uwa a can.

Abijan gari ne da ruwa ya raba. Tafkin da ake kira Ebriye, wanda tsawonsa ya haura kilomita 100, shi ya ratsa tsakiyar birnin. A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi wanda ya haɗa tafkin da teku, manyan jiragen ruwa suka samu ƙofar shigowa, daga nan ne garin ya bunƙasa har yau mutanensa suka wuce miliyan 5. A unguwar Tireshbil, kusa da gadar Houphouët-Boigny, akwai tashar jiragen fito. Kamfanin SOTRA, mai motocin safa na cikin gari, yana ɗaukar fasinja ta ruwa tun 1980, daga baya a 2017 wasu kamfanoni biyu, STL da Citrans, suka shigo da nasu jiragen. Tun da asuba za ka ga layi, masu zuwa Filato aiki, masu ƙetarawa Abobo-Doumé, kowa na gudun cunkoson da ke kan gada. A cikinsu akwai mutanenmu birjik: 'yan tireda, 'yan koli, masu nama, da masu sayar da garba, wato garin rogon nan da suke ce wa aceke haɗe da soyayyen kifi, abincin da har sunan Bahaushe ya ɗauka saboda 'yan Nijar ne suka shahara da sana'arsa. Ba nisa da nan kuma tashar jirgin ƙasa take, layin da aka sa wa suna Abijan-Nijar. Ya isa Wagadugu a 1954, Nijar ɗin kuwa har yau tana jiransa. Wannan wani zancen ne daban.

Abin da nake so ku duba shi ne fuskar ruwan. Wanda ya tsaya a wannan tasha da damina, musamman a watan Yuni lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a can, zai ga kainuwa ta yi shimfiɗa, a tsakaninta kuma leda ce baƙa da fara, ledar fiya-wata, robar lemo, tsofaffin silifa, jarkoki manya da ƙanana. Yawancinsu ba a Tireshbil aka yar da su ba. Ruwan da ya sauka a tudun Abobo da Ajame yana gangarowa ta kwarin Gourou, ya taru a mahaɗar Indénié, ya zube a gaɓar Cocody, duk cikin tafki ɗaya. Abin da ɗan kasuwa ya jefa a kwata a bakin rumfarsa a Ajame, bayan kwana biyu yana iya zuwa ya gaishe shi a gefen jirgin fito. Idan kuma shara ta toshe magudana, ruwa ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. A watan Yunin 2018 ambaliyar dare ɗaya ta kashe mutum kusan 20 a Abijan.

Yanzu ka sa hannu ka tsamo jarka ɗaya daga cikin ruwan nan ka juya ta. Akwai rubutu a jikinta. Kwaddibuwa ƙasar Faransanci ce, amma kayan da ke yawo a kasuwanninta ba duka ke jin Faransanci ba. Wasu ta Gana suka shigo, ta iyakar Elubo da Noé. Wasu daga Legas suka taso, suka bi ta Seme da Kwatano da Lome. Wasu daga Indiya, Sin ko Dubai. Maganin feshi, maganin ciyawa, maganin kaska, allurar dabbobi, man juye, da yawansu da Ingilishi aka rubuta gargaɗinsu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa ya ɗauko su ya tsallaka da su iyaka? Mu ne. Alhaji ya yi lodi, direba ya ja, ɗan kiri ya kasa a faranti, makiyayi ya saya. Hannu huɗu kaya suka bi, kuma sau da yawa a cikin huɗun nan babu wanda ya karanta layi uku da ke ƙasan kwalbar.

Mutanen Abijan sun san ɗacin kayan da ba a san abin da ke cikinsu ba fiye da kowa a yankinmu. A daren 19 ga Agusta 2006, wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dagwalon sinadari, wajen tan 500, a tashar Abijan. Tun a Amsterdam ta ƙasar Holan aka so sauke shi, da aka ga irin abin da ke ciki aka ɗaga kuɗin aikin, sai jirgin ya mayar da kayansa ya yi gaba. A Abijan wani ƙaramin kamfani mai suna Tommy ya karɓi aikin a farashi mai rahusa, ya ɗauki hayar tankoki, aka bi dare ana zubarwa a jujin Akouédo da wasu wurare fiye da goma a cikin gari. Da gari ya waye wari ya rufe unguwanni. Mutum sama da 100,000 suka je asibiti da ciwon kai, amai, ƙaiƙayin ido da sarƙewar numfashi. Hukuma ta ƙirga mutuwar mutum aƙalla goma sha biyar. Gwamnati ta yi murabus a watan Satumba na shekarar. A 2007 Trafigura ya biya gwamnatin ƙasar sefa biliyan 100, ko da yake bai amsa laifi ba, kuma ya yi ta musanta cewa dagwalon ne ya yi kisa. Kafin wannan, a 1988, irin haka ta faru a garin Koko na kudancin Najeriya, inda aka jibge dubban durom na guba daga Italiya a filin wani mutum da aka ba ɗan kuɗin haya. Wannan na cikin abin da ya sa ƙasashen Afirka suka sa hannu a yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar.

Wani zai ce, to ai waɗanda suka sa hannu a takardun Probo Koala sun iya Turanci, sun iya Faransanci, bai hana su ba. Haka ne. Karatu ba ya shiryar da wanda ya yi niyyar cuta. Amma ku tuna da direbobin tankokin nan. Talakawa ne irinmu, an ce musu ga lodi, ga kuɗi, suka ɗauka, su suka fara shaƙa. Babban jirgi irin wannan sai a yi shekara ashirin bai sake zuwa ba. Ƙaramin kuwa kullum yana zuwa, a cikin jarka mai lita ɗaya, kuma shi wannan gargaɗinsa a rubuce yake ɓaro-ɓaro, mai karantawa kawai yake jira.

A nan ne malamin Turanci ya shigo. A Nijar da Kwaddibuwa yaro yana fara Ingilishi ne idan ya shiga kwaleji, a ajin siziyam. A Najeriya da Gana tun firamare da shi ake karatu. Najeriya ma tana da hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya tun 1989, hedikwatarta na Kaduna. Shekara da shekaru kenan ana koyarwa. Amma ka ɗauki yaron da ya yi shekara uku yana Turanci, ka miƙa masa kwalbar allurar da ubansa ya sayo a kasuwar kan iyaka, ka ce karanta min. Zai iya gaishe ka da Turanci safe da yamma, zai faɗa maka sunayen kwanakin mako, wataƙila har ya ba ka labarin wani yaro da ya je hutu bakin teku. Kwalbar kuwa sai ya juya ta ya juya ta ya ce rubutun ya yi ƙanana. Ba laifin yaron ba ne. Ba a taɓa nuna masa cewa Turancin aji da Turancin kwalba abu ɗaya ba ne.

Bari in ba ku misali da kalmomi biyu da ya kamata kowane ɗan makiyayi ya sani kafin ya san sunan babban birnin Ingila. Su ne withdrawal period, da Faransanci kuma délai d'attente. Ma'anarsu, kwanakin da za a jira bayan an yi wa dabba magani kafin a sha nononta ko a ci namanta. Allurar nan da kuke kira LA, ta oksitetrasaikilin, galibi ana rubuta makonni uku zuwa huɗu kafin yanka, nono kuma wasu kwanaki, ya danganta da kamfanin da ya yi ta. Aibamektin, wadda ake yi don tsutsa da kaska, yawancin kwalabenta sun rubuta cewa kada a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha. To saniya ta kwanta, an yi mata allura yau, an ga ba za ta tashi ba, gobe an kira mahauci. Ko an yi allura da safe, da yamma an tatsa, washegari yarinya ta ɗauki ƙwarya ta nufi kasuwa. Maganin yana shiga cikin mutane kaɗan-kaɗan, har ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ɗanka ya kwanta aka ba shi irinsa a asibiti sai a ga ya ƙi ci.

Ita aibamektin ɗin akwai wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba. Ragowarta na fita ta kashin dabba, kuma tana kashe buzuzu da sauran ƙwarin da ke farfasa kashin shanu suna binne shi a ƙasa. Buzuzun da yara ke wasa da shi, shi ne lebura mai mayar da kashi taki. Manomin da ke ba ka damar sauka a gonarsa bayan girbi don takin nan yake yi. Haka maganin kaska na zubawa a gadon baya, irin su saifametirin da deltametirin, an rubuta a jikinsu toxic to fish, wato dafi ne ga kifi. Mutum ya gama aiki ya gangara tafki ya ɗauraye bokiti da kwalba, a ruwan da shi kansa zai dawo ya shayar da garke gobe. A Indiya maganin ciwon jiki na dabbobi mai suna daikilofenak ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar, don idan suka ci mushen saniyar da aka yi wa shi ƙodarsu ke lalacewa. Sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi, bayan fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsunan sun tafi. Mushe ya rasa mai ci, karnukan banza suka yawaita.

Malamin da ya ɗauki waɗannan ya shiga aji da su bai bar manhaja ba. Na san abin da malamai za su ce: jarrabawa na jiranmu, BEPC a wannan gefe, WAEC da NECO a wancan, ba mu da lokacin wa'azin muhalli. Ai ba wa'azi aka ce a yi ba. Manhaja ta ce ka koyar da yadda ake ba da umarni da yadda ake hani. To ga su a jikin jarka: do not reuse this container, kada a sake amfani da wannan mazubi. Keep out of reach of children, a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. Manhaja ta ce ka koyar da watanni da kwanan wata. Ga MFG, ranar da aka yi magani, ga EXP, ranar da ya mutu, kuma ɗan kiri da yawa ya sayar da mataccen magani ba da mugunta ba, don dai bai san wanne ne wanne ba. Manhaja ta ce launuka. Ga zanen launi a gindin kwalbar maganin feshi: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Lissafi ma na nan, mililita nawa a lita nawa, mililita nawa ga dabba mai kilo nawa. Duk abin da za a tambayi yaro a jarrabawa ne, bambancin kawai idan ya koma gida yana da inda zai yi aiki da shi tun a ranar.

Sai dai a yi hattara, malam. Kada a ce yara su kwaso jarkokin guba su kawo makaranta, an gudu ba a tsira ba kenan. A ɗauki hoton rubutun da waya, ko babba ya kwafe shi a takarda, a rubuta a allo. Kwalin magani da babu komai a ciki ya isa.

Maganar jarkar nan ina so in ɗan tsaya a kanta, don na san darajarta a wajenmu. Jarka dukiya ce. Da ita ake ɗebo ruwa a ɗaura wa jaki, a cikinta ake zuba man gyaɗa, manja, nono, kunu. A Ajame da Dantokpa da Jibiya akwai masu sana'ar sayar da jarkokin da aka gama amfani da su kawai, kuma sana'a ce ta halal. Ta man girki babu laifi. Amma roba tana shan abin da aka zuba mata, wadda ta ɗauki maganin ciyawa ko na ƙwari, ko ka wanke ta da omo sau goma ba ta zama ta ruwan sha ba. Ƙa'idar da masana aikin gona suka bayar ita ce a ɗauraye ta sau uku, ruwan ɗaurayar a juye shi cikin tankin feshi, ba a rafi ba, sannan a huda ta don kada wani ya tsinta ya ɗauka. Mai sayar da jarka da yake da ɗa mai iya karanta abin da ke jikinta, zai iya ware tarin nan kashi biyu kafin ya kasa.

Leda kuwa ba sai na gaya wa makiyayi ba. Ku tambayi mahauta a mayankar Port-Bouët a Abijan, ko ta Maraɗi, ko ta Kano, abin da suke cirowa daga tumbin saniya da tunkiya. Dunƙule guda, leda da igiya da tsumma sun murɗe sun yi tauri kamar dutse. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen allura yana zaton sammore ne ko ciwon hanta, alhali cikinta ne ya cika da abin da ba ya narkewa. Kwaddibuwa ta yi dokar hana ledar zuba kaya a 2013, Nijar ta yi tata a 2014. Wanda ya je kasuwa jiya ya san inda dokokin suka tsaya. Abin da ya ɗan faranta min rai shi ne, a Abijan ɗin dai, hukumar UNICEF ta haɗa kai da wani kamfanin ƙasar Kolombiya mai suna Conceptos Plásticos, suna sayen tsohuwar roba daga hannun mata masu tsinta, ana narkawa ana buga bulo, ana gina azuzuwa da shi. Malamin da ke koyarwa a irin wannan aji, bangon ma ya ishe shi darasi.

Akwai ɗaya gefen da ba na so a manta, don kada a ɗauka ilimin duk daga kwalba yake zuwa, ruga kuma sai karɓa. Yaron makiyayi ya shigo aji da abin da malaminsa bai sani ba. Ya san gamba, ya san ƙyasuwa, ya san ƙarangiya, ya san wadda ke fara tsirowa da ruwan farko da wadda ke nuna ƙasa ta gaji. Ya san gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, lokacin da dabba ta fi bukata. Ya san inda tumfafiya ta yi yawa ƙasa ta mutu. A littafin Turanci duk waɗannan kalma ɗaya ce ko biyu, ciyawa da itace. To malam ya juya aikin: ka je ka tambayi kakanka ciyawa biyar da ake samu a burtalinku lokacin yana yaro waɗanda yanzu babu, ka rubuto sunayensu da Hausa ko Fulatanci yadda ya faɗa, sannan ka yi min jimla uku da Turanci a kan kowace. Yaro ya koyi yadda ake ba da labarin abin da ya wuce, wanda dole zai fito a jarrabawa, tsoho kuma ya ga makarantar nan ba ta zo raba shi da jikansa ba. Irin wannan yaron ne gobe, idan wata ƙungiya ta zo da takarda da Turanci tana maganar dashen itatuwa ko killace makiyaya, zai karanta ya ce wa Arɗo ga abin da aka rubuta, ga inda burtali ya bi, ga inda suka manta da shi.

Kuma a sa 'yan mata a ciki, kada a ce wannan karatun maza ne. Namiji ke yin allura, amma mace ke tatsa, ita ke dama fura, ita ke ɗaukar nono zuwa kasuwa, ita ke zaɓen jarkar da za a zuba ruwan sha. Idan ita ce ta iya karanta kwanakin jira, ita za ta ce wannan saniyar a ware ƙwaryarta har mako ya zagayo.

Iyaye, ba sai kun jira an canza manhaja daga Yamai ko Abuja ko Abijan ba. Yau da dare, Alhaji, kafin a ɗaure lodi, kira yaron nan ko yarinyar nan da ke kwaleji, miƙa musu kwali ɗaya daga cikin kayan, ka ce su nemo maka abu uku: yaushe zai mutu, kwana nawa ake jira, kuma me aka ce kada a yi da shi. Idan sun kasa, kada a yi musu faɗa, a ce su kwafi layin su kai wa malaminsu gobe su tambaye shi. Malam uku ko huɗu suka ga yara na zuwa da irin wannan tambaya, da kansu za su fara shigo da ita aji. Wanda kuma ya sayi maganin da babu rubutu a jikinsa ko kaɗan, ko an kankare kwanan watan, ko an juye shi a wata kwalba daban, wannan ko farfesa aka kira ba abin da zai karanta, a mayar wa mai shi.

Lokacinmu ya cika. Masu sauraronmu na Tireshbil da Ajame, da waɗanda ke kan hanyar Noé a daren nan, Allah ya kai ku lafiya, ya tsare dukiya.